MANHAJOJIN ƘARI DA MATSALAR ADALCI A WASANNIN INTANET: TSOKACI DAGA ABAKWA, KADUNA

1.0 GABATARWA



Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan wasanni, tun daga na dandali kamar langa da carafke, har zuwa na manya kamar dambe da kokawa da dara. To, amma akwai wani sabon fage da ya buɗe a garuruwanmu wanda alƙalamin manazarta bai cika kaiwa gare shi ba, watau wasannin da matasa ke yi da juna ta hanyar intanet, kowa riƙe da wayarsa, abokin karawarsa kuwa yana iya kasancewa a gefensa a kan benci ɗaya, yana kuma iya kasancewa a Alƙahira ko Istanbul.

Wannan takarda ba ta zo don yabon waɗannan wasanni ko kushe su ba. Manufarta ita ce ta yi bayanin wata gardama da ta daɗe tana raba kan masu yin su. Gardamar kuwa ita ce: idan ɗan wasa ya ƙara wa wasan wani abu da kamfanin da ya ƙera shi bai sa ba, domin ya ga fili da kyau ko ya yi saurin aiki, shin dabara ya yi ko maguɗi? Za mu duba yadda maganar ta taso a ƙasashen da aka ƙeri wasannin, sa'an nan mu dawo unguwar Abakwa cikin Kaduna ta Arewa, mu ga irin kamannin da ta ɗauka a can. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, kayan aiki shi kaɗai ba ya nuna adalci ko zalunci. Abin dubawa shi ne wane ɓangare na gwanintar ɗan wasa kayan ya maye, kuma shin an yarda da shi kafin a shiga fage ko an ɓoye shi.

2.0 YADDA WASAN KE GUDANA

Kafin a shiga gardama ya kamata a san abin da ake gardama a kansa. Kowane wasan intanet na taron jama'a yana da sassa biyu. Na farko shi ne babbar kwamfutar kamfani, wadda ake kira saba. Ita ce alƙaliya: ita ke riƙe da labarin inda kowane ɗan wasa yake, ita ce kuma ke yanke hukuncin wanda ya riga wani harbi. Na biyu shi ne manhajar da ke cikin waya ko kwamfutar ɗan wasa, wadda ke karɓar saƙo daga saba ta zana masa shi a allo, ta kuma mayar da umarninsa.

Abin da ɗan wasa ke gani a allo ban da filin wasan kansa, kamar madannai da taswira da ma'aunin lafiya da yawan harsashi, shi muka kira fuskar wasa a wannan takarda. Manhajar ƙari kuwa ita ce duk wata 'yar ƙaramar manhaja da wani mutum dabam, ba kamfanin ba, ya rubuta domin a jingina ta ga wasan ta sauya wannan fuska ko ta ƙara mata aiki. Za mu haɗa da 'yan na'urorin da ake maƙala wa waya ko kwamfuta, domin matsalarsu ɗaya ce.

Akwai wani abu guda da ya kamata a lura da shi tun yanzu. Domin wasa ya tafi ba tangarɗa, saba takan aiko wa waya labari fiye da wanda ake nuna wa ɗan wasa. Alal misali, takan sanar da waya cewa akwai abokin gaba a bayan bango tun kafin ya fito, don kada hotonsa ya makara. Labarin yana nan cikin waya, sai dai an rufe shi. Daga wannan taga ce yawancin rigima ke shigowa.

3.0 IRE-IREN MANHAJOJIN ƘARI

Ana iya kasa su gida huɗu, gwargwadon abin da kowacce ke yi wa ɗan wasa.

3.1 Na gyaran fuska. Waɗannan ba su ƙara wani sabon labari. Sukan ƙara girman rubutu, ko su sauya launi saboda wanda ba ya bambance ja da kore, ko su matsar da madanni zuwa inda yatsa zai kai cikin sauƙi.

3.2 Na lissafi da faɗakarwa. Waɗannan sukan tattara labarin da kowa ke iya gani, su yi masa lissafi, su gaya wa ɗan wasa abin da ke tafe. Misali, su ƙirga masa sakan nawa ya rage kafin dodon wasa ya kai hari, su yi ƙara su ce ya kauce.

3.3 Na leƙen asiri. Su ne masu buɗe labarin da aka rufe: ganin mutum ta bayan bango, ko share ciyawar da abokin gaba ya kwanta a ciki, ko faɗaɗa fili fiye da yadda aka ƙayyade wa kowa.

3.4 Na maye gurbin hannu. Waɗannan su ke yin aikin da kansu: su saita bindiga a kan abokin gaba, ko su danna madannai biyar a jere da taɓawa ɗaya, ko ma su yi ta wasan alhali mai shi yana barci.

Ba a cika samun saɓani a kan kashi na farko ba, kusan kowa ya yarda halal ne. Haka nan kashi na uku da na huɗu, in sun fito fili, ba mai kare su sai mai yin su. Inda gizo ke saƙa shi ne kashi na biyu, da kuma kan iyakokin da ke tsakanin kashi da kashi, domin sau da yawa manhaja ɗaya takan fara a matsayin gyaran fuska ta ƙare a leƙen asiri.

4.0 YADDA GARDAMAR TA TASO A WAJE

4.1 Tafarkin buɗe ƙofa. Wasan da ya fi kowane shahara da wannan magana shi ne World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004. Tun daga farko kamfanin ya ba 'yan wasa izinin rubuta manhajojin ƙari da wani harshen kwamfuta mai suna Lua, wanda aka ƙirƙira a wata jami'a ta Birazil a 1993. Sai jama'a suka duƙufa, aka rubuta dubbai. Ba a jima ba kamfanin ya ga cewa ƙofar da ya buɗe ta fi yadda ya zata faɗi.

Akwai wata manhaja mai suna Decursive. A cikin wasan, ƙungiya takan haɗu ta yaƙi dodo, wasu daga cikinta aikinsu warkar da 'yan'uwansu. Gwanintar mai warkarwa ita ce ya gane wanda ya kamu, ya zaɓi maganin da ya dace, ya kai masa cikin gaggawa. Ita wannan manhaja sai ta ɗauke masa duk wannan: ya yi ta danna madanni ɗaya kawai, ita ke zaɓen mutum da magani. A ƙarshen 2006 kamfanin ya sauya ginin wasan ta yadda manhaja ba za ta iya zaɓar wa mutum abin da zai yi a tsakiyar yaƙi ba. A 2009 ya kafa doka cewa dole manhajojin ƙari su zama kyauta, kada mai kuɗi ya sayi fifiko. A 2010 kuma ya karya wata mai suna AVR, wadda ke zana wa 'yan wasa alama a ƙasan filin yaƙi tana nuna musu daidai inda za su tsaya. Game da kashi na huɗu kuwa, har kotu aka je: shari'ar da aka yi tsakanin Blizzard da kamfanin MDY, mai sayar da manhajar Glider wadda ke yin wasa a madadin mutum, ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, aka yanke hukunci a watan Disamba na 2010.

Duk da haka manhajojin faɗakarwa, irin su Deadly Boss Mods da WeakAuras, sun ci gaba da bunƙasa, sai wani abin mamaki ya biyo baya. Da masu tsara wasan suka ga manhajoji sun sauƙaƙa yaƙi, sai suka riƙa ƙara masa wuya. Da ya ƙara wuya, sai manhajojin suka zama tilas, har ta kai ga ƙungiyoyi da dama ba su ɗaukar wanda bai sa su ba. Abin da ya fara a matsayin zaɓi ya koma sharaɗi. Haka nan wata mai suna GearScore, wadda ke tara darajar kayan yaƙin mutum ta mai da ita lamba ɗaya, ta zama hanyar wariya: sabon shiga ba ya samun ƙungiya sai da lamba babba, ba ya kuma samun lamba babba sai ya shiga ƙungiya. A 2025 kamfanin ya ba da sanarwar zai toshe wa manhajojin ƙari hanyar karanta labarin yaƙi a sabon babin wasan mai suna Midnight, ya kuma sa nasa ma'aunai da faɗakarwa cikin wasan domin kowa ya samu. Watau bayan shekara ashirin an dawo kan tambayar farko.

4.2 Tafarkin rufe ƙofa. Kamfanin Square Enix na Japan, mai wasan Final Fantasy XIV, ya bi wata hanya dabam, ya haramta dukkan manhajojin waje. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ƙarfafa wannan matsayi shi ne ana yin wasan a kwamfuta da kuma na'urar PlayStation a fili ɗaya, mai PlayStation kuwa ba shi da halin sa irin waɗannan manhajoji. Sai dai kamfanin ba ya bincika kwamfutocin mutane, saboda haka dokar ta zama ta kowa ya yi shiru. A watan Janairu na 2023, wata ƙungiya ta riga kowa a duniya cinye wani yaƙi mai tsanani da ake kira The Omega Protocol. Ba a jima ba sai hoton bidiyo ya fito yana nuna an yi amfani da manhajar da ke janye kyamara baya don a ga fili duka. Shugaban wasan, Naoki Yoshida, ya fitar da takardar nuna ɓacin ransa, aka kuma ƙwace lambar girman da suka samu. Darasin a nan shi ne, dokar da ba a iya tsare ta takan cuci mai gaskiya, domin shi kaɗai ke bin ta.

4.3 Muryar 'yan wasa. Ba kullum ne kamfani ke yin rinjaye ba. A watan Satumba na 2021 kamfanin Jagex na Ingila ya hana fitar da wata manhajar ƙari da wani ɗan wasa ya shafe wajen shekara biyu yana rubutawa don ƙawata hoton wasan Old School RuneScape. 'Yan wasa suka taru a wani birni na cikin wasan mai suna Falador suka yi zanga-zanga, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye. Manhajar ta kashi na farko ce, ba ta ba kowa fifiko, shi ya sa hanin bai samu karɓuwa ba. A ɗaya gefen kuma, lokacin da kamfanin Valve ya kori asusu fiye da 40,000 daga wasan Dota 2 a watan Fabrairu na 2023 saboda karanta ɓoyayyen labari, jama'a yabawa suka yi. Haka kuma a watan Agusta na 2024 ya hana amfani da wata dabara ta sababbin allunan madannai a wasan Counter-Strike 2, domin tana yi wa yatsa aikin da a da sai an yi wata da watanni ana koyo. Wannan ya nuna cewa 'yan wasa ba ƙari suke ƙi ba, kuma ba doka suke ƙi ba. Suna da wani ma'auni a zukatansu, ko da ba su rubuta shi ba.

5.0 GARDAMAR A ABAKWA

Abakwa tsohuwar unguwa ce a arewacin kogin Kaduna, maƙwabciyar Unguwar Shanu, kusa da tsohon mazaunin Makarantar Horon Hafsoshin Soja da aka kafa a 1964. Unguwa ce ta taron dangi, mai ƙabilu da addinai dabam-dabam, kuma kamar sauran unguwannin birni, matasanta sukan taru da dare a teburin mai shayi da shagon cajin waya da gidan kallon ƙwallo. Wasannin da muka ambata a sama ba su ne suka yi kasuwa a nan ba, domin suna bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wuta mai ɗorewa, wasunsu kuma har da kuɗin wata. Wasannin waya su ne suka samu shiga: Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017, PUBG Mobile, wanda ya bazu a duniya a watan Maris na 2018, da Call of Duty: Mobile na watan Oktoba na 2019. A PUBG Mobile, alal misali, akan jefa mutum 100 a tsibiri ɗaya, fili yana ta ƙuntata, ƙungiyar da ta saura ita ta ci.

Waɗannan wasanni ba su buɗe ƙofar manhajojin ƙari kamar yadda Blizzard ya yi ba. Amma bukata ta sa an samo hanyoyi, kuma su ne abin gardama:

(a) Manhajojin da ake kira GFX Tool, masu shiga cikin saitin wasa su rage nauyin hoto don ƙaramar waya ta daina sarƙewa.

(b) 'Yan kunamu na roba ko ƙarfe da ake maƙalawa a gefen waya, su zama kamar kunamar bindiga, mutum ya yi harbi da manuniya alhali manyan yatsunsa na tafiya da saiti.

(c) Yin wasan waya a kwamfuta ta hanyar manhajar kwaikwayon waya, inda ake saiti da linzamin kwamfuta a babban allo.

(d) Fayilolin da ke faɗaɗa fili ya zama kamar na iPad, ko su share ciyawa, ko su hana bindiga girgiza.

5.1 Hujjar masu goyon baya. A ɗauka ga samari biyu a benci ɗaya. Wayar ɗaya tana zana hoto 30 a sakan guda, ta ɗayan tana zana 90. Na farko yana samun sabon hoto bayan kowane milisakan 33, na biyu bayan milisakan 11. Idan suka yi kiciɓis a lungu, mai babbar waya ya riga gani. Ƙari a kan haka ga nisa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan cikin zaren gilashi. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Ikko. Ashe ke nan idan aka haɗa ɗan Abakwa da sabar da ke Turai, zuwa da dawowar saƙonsa ta irin wannan hanya sun ci milisakan 70, tun ba a sa nisan Kaduna zuwa Ikko ko cunkoson layi ba. Don haka mai ƙaramar waya yakan ce: wane adalci ake magana? Tun kafin a busa usur an riga an cuce ni. Manhajar da na sa ba ta ɗora ni bisa kowa ba, rami ta cike. Wanda ya sayi fifiko da kuɗi a kanti ba a kira shi ɗan maguɗi ba, sai ni da na nemi nawa kyauta?

5.2 Hujjar masu suka. Su kuwa sukan ce, wannan magana gaskiya ce amma an wuce da ita gona da iri. Manhajar da ke rage nauyin hoto, sau da yawa ita ce ke rage inuwa da ciyawa, sai wanda ya ɓuya ya fito sarari. Mai ita ya ce gyaran fuska ya yi, wanda aka harbe kuwa leƙen asiri aka yi masa. Na biyu, babbar waya abu ne da kowa ke gani a hannunka, fayil ɗin da ka cusa kuwa ba mai gani. Na uku, kuma wannan shi ya fi muni, da zarar an san ana yi, sai zargi ya game kowa. Yaro ya yi wata shida yana koyon riƙe waya da yatsu huɗu, ranar da ya yi bajinta sai a ce ai ya sa wani abu. Maguɗin mutum ɗaya ya zubar da darajar gwanintar mutum goma.

5.3 Abin da ke cikin haɗari. Kada a ɗauka maganar ta yara ce kawai. Masu PUBG Mobile sun sanar tun 2019 cewa hukuncin maguɗi yana kaiwa dakatarwar shekara 10, kuma asusun da aka rufe yakan tafi da duk abin da mai shi ya saya a ciki da kuɗinsa. Yawancin fayilolin nan kuma daga hannun waɗanda ba a sani ba suke fitowa, wasunsu na ɗauke da manhajar sata, a wayar da mutum ke ajiye asusunsa na banki. Sa'an nan wasan ya zama sana'a a duniya: gasar da aka yi a Riyad ta ƙasar Saudiyya a 2024 ta raba kyautar da ta haura dala miliyan 60. A manyan gasannin PUBG Mobile ba a yarda da kunamu ko kwamfuta ko babban allo ba, saboda haka wanda ya saba da su ya rufe wa kansa ƙofa. A unguwa kuwa, inda akan shirya 'yar gasa tsakanin layi da layi, abin da ke zubewa shi ne amana tsakanin abokai, wadda ta fi kyautar tsada.

6.0 ABIN DA WASANNINMU SUKA RIGA SUKA SANI

Na'urar sabuwa ce, amma tambayar tsohuwa ce, kuma Bahaushe ya taɓa amsa ta.

A dara, gurbi 30 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kome a fili yake. Ba abin da ɗan kallo ke gani wanda mai wasa ba zai iya gani ba. Duk da haka idan ɗan kallo ya sunkuya ya raɗa wa ɗaya inda zai kasa, sai wuri ya yamutse. Me ya sa, alhali bai tona wani asiri ba? Domin ita dara gasar hangen nesa ce, mai raɗa kuwa ya yi wa mutum hangen. Wannan ita ce amsar kashi na biyu: ko da labarin a fili yake, idan lura da shi ita ce ainihin abin da ake gasa a kai, to manhajar da ta lura a madadinka ta shiga wasan a matsayin mutum na uku. In kuwa wasan na gwada saurin hannu ne, ƙirga lokaci bai taɓa zuciyarsa ba.

A dambe, ɗan wasa yakan naɗe hannu da ƙyalle da zare. Naɗin ƙari ne a kan hannun da Allah ya halitta, yana kuma ƙara wa naushi nauyi, amma ba wanda ya kira shi maguɗi, domin kowa na yi, kowa na gani. Amma a cusa ƙarfe ko garin kwalba cikin naɗin, wannan ha'inci ne. Bambancin bai tsaya ga ƙarfin abin ba, ya haɗa da ɓoye shi da aka yi. Kunamar roba naɗi ce in an yarda kowa ya sa. Fayil mai share ciyawa kuwa ƙarfe ne a cikin naɗi.

Misali na uku yana nan cikin Kaduna, watau ƙwallon dawaki, wanda aka fi shekara ɗari ana bugawa a garin. Masu wannan wasa sun san 'yan wasa ba ɗaya suke ba, saboda haka kowane yana da lambar gwaninta, daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10. Akan tara lambobin ƙungiya, a gasar rangwame kuma a ba mai rauni ƙwallaye tun kafin a fara. Ba a ce wa mai rauni ya je ya nemi dabararsa a ɓoye ba, an auna bambancin a fili an yi masa magani a fili. Kamfanonin wasa ma sun kama wannan hanya. PUBG Mobile yakan gane mai wasa da kwamfuta ya haɗa shi da ire-irensa, haka Call of Duty: Mobile ke yi wa masu amfani da abin riƙo irin na PlayStation. A 2025 kuma Blizzard ya sa madanni guda mai zaɓar wa mutum hari, don sababbi da masu lalurar hannu, amma ya sa mai amfani da shi yana ɗan jinkiri fiye da mai yi da kansa.

7.0 MA'AUNI DA SHAWARWARI

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tambayoyi huɗu da za a yi wa kowace manhaja ko na'ura:

1. Shin tana nuna abin da aka rufe wa sauran 'yan wasa?
2. Shin tana yin aikin da shi ne ainihin abin da ake gasa a kai?
3. Shin duk wanda ke cikin fagen yana iya samun ta?
4. Shin mai amfani da ita zai yarda ya faɗa a gaban abokin karawarsa?

Ta huɗun ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma mafi kaifi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya ƙara girman rubutu don idonsa ba ya jin nauyin faɗa, amma wanda ya share ciyawa yakan kifa waya in an matso.

Ga masu shirya gasa a unguwa, shawara ita ce a yi sharaɗi tun ran gini tun ran zane: a faɗi abin da aka yarda da shi da wanda aka hana, a duba wayoyi kafin a fara kamar yadda ake duba naɗi, a kuma raba aji tsakanin manyan wayoyi da ƙanana, ko a daidaita saitin kowa a kan abin da ƙaramar waya za ta iya ɗauka. Kada kuma a kafa dokar da ba a iya tsarewa. Ga kamfanoni, hujjar mai ƙaramar waya ba ta faɗi ƙasa ba: muddin wasa bai ba shi halaltacciyar hanyar sauƙaƙa hoto ba, kuma saba ta yi masa nisa, zai nemi ta bayan gida. Ga manazarta kuwa, akwai aiki a gabanmu na tattara kalmomin da matasa ke ƙirƙira a wannan fage da ƙa'idojin da suke kafa wa junansu, domin al'ada ce ke tsirowa a kan idonmu.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta kasa manhajojin ƙari gida huɗu, ta bi tarihin gardamarsu daga 2004 zuwa 2025, ta kuma nuna cewa a wuri irin Abakwa rashin daidaito yakan riga manhaja zuwa, domin waya da layi da wuta ba ɗaya suke ba. Wannan ya sa hujjar mai neman cike rami tana da ƙarfi, amma bai mai da ɓoyayyen fifiko halal ba. Maganin bambancin da ke fili shi ne gyaran da ke fili, wanda aka yi shawara aka amince da shi kafin a fara wasa, kamar yadda 'yan dara da 'yan dambe da masu ƙwallon dawaki suka daɗe suna yi.

Ina fata malamai za su gyara inda na yi kuskure, su kuma cike inda na gaza.